Firinta na aiki da wayata, tana ƙin ta kwastoma: yadda za ka haɗa teburin gwajin Bluetooth

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin garin Katsina. Na rubuta manhajar Android ta lissafin shago, tana buga rasit da 'yar ƙaramar firintar nan ta Bluetooth. A wayata lafiya lau take aiki. Amma da na sa wa wani mai shagon kayan masarufi a babbar kasuwa, sai rasit ya riƙa tsayawa a rabi. Wani kuma a Daura ya ce wayarsa ko ganin firintar ba ta yi. Ina so in haɗa wurin gwaji na kaina. Me zan saya? Kuma wayar kwaikwayon nan ta cikin Android Studio, manhajar da nake rubuta tawa da ita a kwamfuta, ba za ta isa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta ƙarshen, don amsarta gajeriya ce: ba za ta isa ba. Wayar kwaikwayo ba ta da eriya, batirinta ba ya yin ƙasa, bango ba ya tare ta, kuma babu kamfanin da ya cusa mata tsarin kashe manhajoji don tattalin caji. Sababbinta suna iya kwaikwayon Bluetooth a tsakaninsu cikin kwamfuta, kuma hakan zai nuna maka ko maɓallan manhajarka na tafiya daidai. Amma abin da ya kama ka a kasuwa da Daura duk yana faruwa ne a wuraren da ita ba ta da su.

Kafin maganar saye, ka riƙe abin da ake nema da wurin gwaji: ka iya jawo matsalar da hannunka a duk lokacin da ka ga dama. Muddin rasit bai yankewa sai a shagon mutumin, kai kuma kana gida kana sauya layukan manhaja bisa zato, canki-canka kake yi. Ranar da ka iya cewa "in na yi kaza da kaza za ta yanke", kuma ta yanke a gabanka, gyaran ya zo kusa. Duk kayan da wani ya ce ka saya, ka tambayi kanka ko zai taimaka maka wajen maimaita matsala ko wajen ganin abin da ya faru. In bai yi ko ɗaya ba, bar kuɗinka a aljihu.

Abu na farko, ka san da wane Bluetooth kake magana, don suna ɗaya ne amma abu biyu ne. Akwai tsohon, wanda iyafis da sifika da rediyon mota ke amfani da shi. Akwai kuma BLE mai ƙaramin cin wuta, wanda ya zo da siga ta 4.0 a shekarar 2010, shi ne na agogon hannu da ma'aunin jini da makamantansu. Dukansu a zangon gigahaz 2.4 suke, amma tsohon ya raba zangon gida 79 yana tsalle tsakaninsu sau 1600 a daƙiƙa, BLE kuwa gida 40 ne, uku daga ciki, wato 37 da 38 da 39, an ware su don na'ura ta riƙa shelar cewa tana nan. Yawancin firintocin rasit masu faɗin takarda milimita 58 suna karɓar rubutu ta tsohon ne, ta hanyar da ake kira SPP, da umarnin ESC/POS wanda asalinsa na kamfanin Epson ne. Da yawansu kuma suna da duka biyun, har za ka ga firinta ɗaya ta fito sau biyu a jerin wayar. In mai shago ya danna wanda ba shi manhajarka ke nema ba, zai rantse maka ya haɗa, kuma bai yi ƙarya ba. Ka sauke manhajar nRF Connect, kyauta ce, ta kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norway. In firintar ta bayyana a can kuma ka iya buɗe hidimominta, tana da BLE. Ka duba rubutun manhajarka kuma: in lambar da kake buɗe haɗi da ita ta fara da 00001101, SPP kake amfani da shi.

Yanzu wayoyi, kuma a nan nake so mafi yawan kuɗinka ya tafi. Kuskuren da masu rubuta manhaja suka fi yi shi ne gwaji da wayarsu, wadda sau da yawa ta fi ta kwastoma ƙarfi nesa ba kusa ba. Zagaya rumfunan kasuwa ka ga abin da ke hannun mutane: Tecno, Infinix, itel, ƙananan Samsung, Redmi. Ukun farko duk na kamfanin Transsion ne, amma kada hakan ya sa ka ɗauka gwada ɗaya ya wadatar. Abin da ke magana da firinta shi ne IC ɗin rediyo da ke ciki, wato ƙaramin guntun lantarkin da ke aikawa da karɓar siginal, da manhajar da ke tuƙa shi, kuma wata wayar MediaTek ce a cikinta, wata Unisoc, wata Qualcomm, wasu Samsung ɗin kuma Exynos. Don haka ka zaɓi wayoyi bisa abu biyu, wanda ya ƙera IC da sigar Android, ka manta da kyan jiki. Huɗu sun isa farawa: ƙarama mai Android Go da ƙwaƙwalwar giga 2 ko ƙasa, ɗaya mai Android 11 ko wanda ya gabace shi, ɗaya mai 12 ko 13, ɗaya mai 14 ko sama. Ka yi ƙoƙari kada IC ɗinsu ya zama na kamfani ɗaya duka.

Ba sai sababbi ba. Je wurin masu gyaran waya ka nemi waɗanda kyamara ta mutu, ko gidan sim ya lalace, ko gilashi ya tsage amma tana taɓuwa. Sai dai ka tambayi mai gyaran ko an taɓa buɗe ta an taɓa wajen eriya ko an sa wa allon wuta. A wayoyi da yawa Wi-Fi da Bluetooth IC ɗaya suke, eriya ɗaya, don haka wayar da Wi-Fi ɗinta ke da rauni ka bar ta, za ta riƙa ba ka matsalar da ba ta manhajarka ba. Da ka kawo su gida ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, ka manna wa kowace takarda a baya mai ɗauke da samfurinta da sigar Android. Wayar gwaji da ta sabunta kanta cikin dare ta zama wata wayar daban.

Dalilin da ya sa na raba su a kan Android 12 shi ne zai iya warware maka maganar mutumin Daura. Tun Android 6.0 a 2015, manhaja ba ta samun sakamakon neman na'urorin Bluetooth sai an ba ta izinin sanin wuri, kuma daga Android 10 sai izinin wuri na daidai-wa-daida. A wayoyi da yawa izinin kaɗai bai isa ba, sai maɓallin lokeshan ɗin kansa yana kunne. Mutanenmu kuwa kashe shi suke yi don caji ya daɗe. Manhaja za ta yi ta nema, ba za ta ce komai ya ɓaci ba, jerin kawai zai dawo fayau. Android 12 a 2021 ya sauya tsarin, ya kawo BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT, waɗanda mai waya ke gani a matsayin izinin na'urorin kusa. Manhajar da aka shirya wa sabon tsari kawai za ta makance a tsohuwar waya, wadda ta manta da roƙon sabon izinin kuma za ta iya rufewa ba sallama a sabuwa. Ka kira mutumin ka tambaye shi sigar Android ɗinsa da ko lokeshan na kunne, kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Daura. Kuma in firintar an riga an ƙulla ta da wayar a saitin, manhajarka ba ta buƙatar nema ma, ta ɗauko ta daga jerin waɗanda aka ƙulla.

Ɗaya ɓangaren teburin shi ne abin da wayoyin za su yi magana da shi. Firinta biyu na kamfanoni daban-daban, ɗaya irin ta mai shagon kasuwa sak. Sai abin da na fi ba ka shawara a kai: ƙaramin allon ESP32 na kamfanin Espressif. Da 'yan layuka a Arduino, manhajar da ake rubuta wa irin waɗannan alluna umarni da ita, ta amfani da BluetoothSerial, zai yi shigar firinta, ya karɓi duk abin da manhajarka ta turo ya zubo maka shi a kwamfuta bayit bayan bayit. Firinta ta gaske tana cinye takarda kuma ba ta gaya maka abin da ta karɓa. Wannan kuwa kai ke juya shi: ka sa shi ya riƙa karɓa a hankali, ka sa shi ya katse bayan bayit dubu, ka sa shi ya yi shiru. Ka kula wajen oda: ESP32 na asali ne ke da tsohon Bluetooth. ESP32-C3 da ESP32-S3 BLE kaɗai gare su, ba za su yi maka SPP ba, kuma a hoton talla kusan kama ɗaya suke.

Game da rasit da ke tsayawa a rabi, abubuwa uku nake zargi, kuma dukansu za ka iya jawo su a wannan teburin. Na farko, neman na'urori yana ci gaba a bayan fage lokacin da ake turawa. Nema ɗaya a tsohon Bluetooth yana ɗaukar kusan daƙiƙa 12 yana cin rediyon, shi ya sa takardun Android da kansu suka ce a kira cancelDiscovery kafin a buɗe haɗi. Na biyu, ma'ajiyar firintar ƙarama ce. Rasit ɗin gwajinka mai kaya uku ne, na mai shago mai kaya arba'in ne da tambarin shago a sama, kuma tambari hoto ne, nauyinsa ya ninka na rubutu. In ka watsa mata duka a lokaci ɗaya, ko ka rufe haɗin da zarar umarnin rubutawa ya dawo, wutsiyar rasit ta tafi. Dawowar umarnin na nufin wayar ta karɓi bayanan ne kawai, bai nufin sun hau takarda. Na uku, batirin firintar. Kan da ke ƙona takarda yana jan wuta sosai, musamman a wurin baƙi mai yawa, kuma in batir ya yi ƙasa firintar na iya mutuwa ta farfaɗo a tsakiyar aiki. Kai a gida kullum tana jone da caja. Shi a kasuwa tun safe take aiki.

Wannan batu na caja tarko ne babba. A teburin mai rubuta manhaja, waya kullum tana jone da kwamfuta ta USB, tana caji, fuskarta a kunne. A wannan hali Android ba ya matsa wa kowace manhaja. Cire ta, kashe fuskar, ajiye ta rabin awa, sai ka ga halinta na gaskiya. Ba sai ka jira ba, kana iya tilasta mata da adb, manhajar da ake ba wayar Android umarni da ita daga kwamfuta:

adb shell dumpsys battery unplug

adb shell dumpsys deviceidle force-idle

Na farkon yana sa ta ɗauka an cire caja, na biyun yana tura ta barcin tattalin batir. In ka gama sai ka mayar da ita da "deviceidle unforce" da "battery reset". Amma wannan na Android ɗin Google ne kawai. Kamfanonin waya suna ɗora nasu tsarin tattalin cajin a kai, kuma wannan sai ka gwada shi da hannu a kowace waya, da manhajarka a jerin waɗanda aka keɓe da kuma ba ta ciki.

Ɗakin kansa ba ya buƙatar komai mai tsada. Teburin katako, ba na ƙarfe ba. Tef ɗin awo irin na tela ko na kafinta, da alli ko fenti ka yi alama a ƙasa: mita 1, 3, 5, 10. Yawancin ƙananan na'urori an yi su ne don kimanin mita 10 a fili, kuma a fili duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin siginal yana raguwa da kusan desibel 6. A cikin ɗaki lissafin ba ya tafiya sumul, don kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna mayar da siginal, wani wurin ya ƙaru wani ya ragu. Ka sa ESP32 ya riƙa shela ta BLE a wuri ɗaya da ba ya motsi, ka ɗora kowace waya a alamar mita 1 ka rubuta lambar RSSI, wato awon ƙarfin siginal, da nRF Connect ya nuna. Wajen -50 ƙarfi ne, in ta gangara wajen -90 ana dab da rabuwa. Kada ka kwatanta lambar wata waya da ta wata, kowace da yadda take awo. Amfaninta shi ne ka kwatanta waya da kanta, jiya da yau. Kuma ka ɗora wayar a kan kwali ko katako ka ja da baya, don jikin mutum ruwa ne mafi yawansa kuma yana shanye wannan zangon. Tafin hannu a kan eriya kaɗai yana sauya lambar.

Da farko ka yi komai cikin shiru: MiFi a kashe ko a koma da shi zangon gigahaz 5, sauran wayoyin gida a waje, filas ko had-dis na kwamfuta mai USB 3.0 a nesa da teburin, don shi ma yana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4. In komai ya yi aiki a shirun, sai ka shigo da kasuwa cikin ɗakin da gangan. Kunna hotsipot a wayar da ke bugawa, sa wasu wayoyi biyu su riƙa tura babban bidiyo ta Xender kusa da firintar, haɗa iyafis da wayar ka saki karatu ko waƙa, sannan ka buga dogon rasit. Tun siga ta 1.2 Bluetooth ya iya kauce wa gidajen da Wi-Fi ya cika, don haka hayaniyar maƙwabta ba kasafai take kashe haɗi ba, tana dai rage gudu. Wadda ta fi cutarwa ita ce ta cikin wayar kanta, inda hotsipot da iyafis da firinta ke rabon eriya ɗaya. Mai shago kuwa haka yake rayuwa, yaronsa na jan data daga wayarsa, iyafis na kunnensa.

Don gwada yankewa, nemi gwangwanin ƙarfe mai murfin ƙarfe da ke rufuwa ruf, ka jefa ESP32 da ƙaramin fawabank a ciki ana tsakiyar turawa. Ba zai toshe siginal ɗari bisa ɗari ba, amma in ka haɗa da nisan 'yan mitoci yakan isa. Abin lura shi ne tsawon lokacin da manhajarka ke ɗauka kafin ta gane. A ƙa'idar tsohon Bluetooth jiran na iya kai daƙiƙa 20, kuma cikin wannan lokacin manhajar na iya rubuta "an buga" alhali babu abin da ya fita. ESC/POS yana da umarnin tambayar hali, DLE EOT, wanda firinta ke amsawa da ko takarda ta ƙare ko murfi a buɗe yake. Ba duk masu arha ke amsa shi ba, sai ka gwada naka biyun. Ka ƙara da irin abubuwan da ke faruwa a shago: kira ya shigo ana bugawa, takarda ta ƙare, an kashe firinta an kunna, an danna buga sau biyu da sauri, wayar yaron shago ta riga ta kama firintar. Wannan na ƙarshen yana da yawa, don mafi yawansu haɗi ɗaya suke karɓa a lokaci guda.

Sai ganin abin da ya faru, wanda shi ne ke raba mai gwaji da mai zato. A saitin wayar, wajen bayanin waya, danna "Build number" sau bakwai, "Developer options" zai buɗe. A ciki kunna "Bluetooth HCI snoop log", ka kashe Bluetooth ka sake kunnawa, ka jawo matsalar, sannan ka ba da umarnin adb bugreport. A cikin ƙunshin da zai fito akwai bayanan duk maganar da ta gudana tsakanin Android da IC ɗin rediyo, galibi a fayil mai suna btsnoop_hci.log, kuma Wireshark, wadda ita ma kyauta ce, tana buɗe shi. A nan za ka ga wa ya katse, wayar ko firintar, da lambar dalili, da bayit nawa suka fita kafin nan. Haɗa shi da adb logcat, wanda ke nuna bayanan da manhajoji ke rubutawa suna aiki, ka daidaita lokutan. Kashedi ɗaya: wannan fayil yana ɗauke da bayanan a buɗe, har da makullan haɗi da abin da ke cikin rasit. Kada ka kunna shi a wayar kwastoma ba da saninsa ba, kuma ka kashe in an gama.

Za ka ji ana maganar na'urar saurare daga iska. 'Yar nRF52840 mai kama da filas tana yin wannan da Wireshark, kuma ba ta da tsada, amma BLE kaɗai take ji. Masu jin tsohon Bluetooth, irin na Ellisys, kayan manyan kamfanoni ne. Kai da SPP kake aiki, ba ka buƙatar ko ɗaya a yanzu. In wata rana ka koma BLE, ka saye ta, kuma ka shirya wa nasa halayen: saƙo ɗaya bayit 20 yake ɗauka sai an nemi ƙarin MTU, wato iyakar girman saƙo, daga 23 na asali, umarni ɗaya ake bayarwa a jira amsarsa kafin na gaba, tun Android 7 manhajar da ta fara nema fiye da sau biyar cikin daƙiƙa 30 ana toshe ta shiru, kuma za ka haɗu da kuskure mai lamba 133 wanda ba ya faɗin dalilinsa.

Duk wannan ba shi da amfani in ba ka rubutawa. Littafi mai layi ya isa: kwanan wata, waya, firinta, nisa, cajin kowannensu, abin da ke kunne, sigar manhajarka, sau nawa ka gwada, sau nawa ta faɗi. Kowane gwaji ka maimaita shi aƙalla sau ashirin, don matsalar rediyo takan zo jefi-jefi, sau uku lafiya ba shaida ba ce. Kuma abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda. Wanda ya sauya waya da nisa da rubutun manhaja a tare kamar mai awon gero ne da ke canza tiya a kowane buhu, a ƙarshe ba zai san wanne ya fi cika ba. Ka rubuta zafin ɗakin ma in kana gwaji a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, don waya mai zafi tana rage wa kanta gudu, batir kuma ba ya nuna halinsa na kullum. Kwamfutar da ESP32 ka ɗora su a kan batir ko inbata, kada ɗauke wuta ya shigo maka cikin lissafi a matsayin yankewar Bluetooth.

Ba ka tambayi iPhone ba, amma wani Alhaji zai tambaye ka. Apple ba ya barin manhaja ta yi SPP da kowace na'ura sai wadda ke cikin shirinsa na MFi, na kayan da ya ba wa lasisi, don haka da firinta mai arha BLE ce hanyar, shi ya sa ma masu ƙera su ke sa duka biyun. iPhone ba ya nuna wa manhaja adireshin na'urar, wata lamba yake ba ta tasa, kuma wayar kwaikwayon Xcode, manhajar Apple ta rubuta manhajojin iPhone, ba ta da Bluetooth. Kenan sai iPhone ta gaske da kwamfutar Mac, da manhajarsu ta PacketLogger a madadin abin da ka yi da Wireshark. Ka jinkirta wannan har sai wayoyin Android huɗun nan sun buga dogon rasit mai tambari, da firinta mai rabin caji, sau ashirin a jere ba yankewa.